Akwatin ƙwarin mazari na fatsar Turawa: abin da ya iya da abin da ya kasa a tabkunan Damagaram

Akwatin da nake son yin magana a kansa ƙarami ne, na roba, yana shiga aljihun riga ba tare da wahala ba, kuma a cikinsa an jera ƙugiyoyi 24 waɗanda aka yi wa sutura da gashin tsuntsu da zare da soso, har kowace ta ɗauki siffar mazari ko ta ɗan mazari mai zama cikin ruwa. Babu sunan kamfani a jikinsa, sai wata ƴar takarda da Ingilishi mai cewa an shirya shi ne domin kama tirawut, wani kifin ruwan sanyi na ƙasashen Turawa, a tabkuna. Na same shi ta hannun wani ɗan kasuwa mai sauko da kaya daga Kano, a kan kuɗi kusan jika 12, wato kowace ƙugiya ta tashi wajen dala 100. Goma daga cikinsu suna kwaikwayon ɗan siririn mazari, shida suna kwaikwayon ɗan babban mazari, takwas kuma mazari ne mai fukafukai, shuɗi da ja. Idan za a sake sayar mini da su ɗaya-ɗaya, goman farko kaɗai zan miƙa wa kuɗina ba tare da ciniki ba.

Da yake wannan salon fatsa baƙo ne a wurinmu, ya kamata a fara da bayanin yadda yake aiki, domin wanda bai gane shi ba, idan ya sayi akwatin zai rasa yadda zai yi da shi. A fatsar da muka sani, ana sa tana ko fara ko ƙullun dusa a ƙugiya, a ɗaura ƴar darma, nauyin darmar ya ja zaren zuwa inda ake so, sannan ƙanshin abincin ya kira kifi. A wannan salon kuwa babu abinci ko kaɗan, kuma ƙwaron da aka ɗinka a ƙugiya bai da nauyin da za a iya jefa shi da shi. Igiyar ce mai nauyi, an lulluɓe ta da roba, ita ake kaɗawa gaba da baya da doguwar sanda mai lanƙwasa, wadda tsawonta ya kan kai mita 2.7, sai ta miƙe a iska ta ɗauki ƙwaron ta ajiye shi a kan ruwa, da siririn zaren nailan tsakaninta da shi. Dabarar tsohuwa ce, domin wani marubucin Rum mai suna Claudius Aelianus ya bayyana, wajen shekara ta 200 Miladiyya, yadda mutanen Masedoniya ke ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya su yaudari kifi. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe a nan shi ne akwatin ba ya zuwa da sanda ko igiya, kuma ni ban taɓa cin karo da su a Kasuwar Dole ba, sai dai a yi sautu daga waje.

Dalilin da ya sa na zaɓi akwatin mazari, na bar sauran akwatunan da ke kwaikwayon ƙwarin ƙoramun Turai, shi ne mazari namu ne. Duk wanda ya tsaya a bakin tabki bayan damina ya ga yadda suke shawagi, amma kaɗan ne suka lura cewa mafi yawan rayuwar wannan ƙwaro a ƙarƙashin ruwa take ƙarewa. A duniya an san nau'in mazari fiye da 6,000, kuma sun kasu gida biyu. Babban mazari yana da kauri, idanunsa manya ne har suna haɗuwa a tsakiyar kai, kuma idan ya sauka yana barin fukafukansa a shimfiɗe. Siririn mazari idanunsa a rabe suke, ɗaya a kowane gefe, kuma yawanci yana naɗe fukafukansa a bayansa idan ya huta. Dukansu biyu suna zuba ƙwai a ruwa ko a jikin tsiron ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ɗa marar fukafuki mai farautar tsutsar sauro da ƴaƴan kwaɗi da ƙananan kifi, yana saɓa sau goma ko fiye, har ranar da zai hau karan ciyawa ya tsage bayansa ya fito da fukafukai. Wannan ɗan na cikin ruwa shi ne abincin kifi na yau da kullum, wanda ke tashi sama kuwa sai an yi sa'a ya faɗo.

Ƙugiyoyi goma na ɗan siririn mazari su ne suka fanshi akwatin. An ɗinka su a kan ƙugiya lamba 10 da lamba 12, kuma a lissafin masu wannan sana'a duk lambar da ta fi girma ƙugiyarta ta fi ƙanƙanta. Jikin siriri ne, bai wuce santimita 3 ba, launinsa kore mai duhu irin na gansakuka, da idanu biyu baƙaƙe na roba, da wutsiya ta gashi mai taushi ƙwarai, irin wanda a da ake samowa daga babba-da-jika, yanzu kuma daga talotalo ake cire shi a rina. Wanda ya tsara wannan wutsiya ya san ƙwaron da yake kwaikwaya. Ɗan siririn mazari yana da wasu abubuwa uku masu kama da ganye a ƙarshen jikinsa waɗanda da su yake shan iska, kuma ba gwanin iyo ba ne: yana karkaɗa jiki dama da hagu, ya yi gaba kaɗan, ya gaji, ya ɗan nutse, ya sake farawa. Gashin talotalo idan ya jiƙe yana yin wannan karkaɗawa da kansa, ko da mai fatsa bai yi komai ba sai jan igiyar a hankali da ƴan yatsu.

Na gwada su mafi yawa a tabkin Gidimuni, wanda ke gabas da Damagaram a kan hanyar Gure, kuma wanda aka shigar cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a shekarar 2019. Kacalla ta cinye gefuna da yawa na tabkin, abin da ke damun masunta da masu lambu, amma ga mai wannan fatsa gindin kacalla nan ne kasuwar take ci. Ƴaƴan siririn mazari idan lokacin fitarsu ya yi suna barin tsakiyar ruwa su nufi inda za su sami kara su hau, saboda haka ƙwaron da aka jefa nesa aka jawo shi zuwa bakin ruwa, ko aka bi da shi ta gefen kacalla, yana tafiya ne a hanyar da kifi ya saba ganin na gaskiya. Da hantsi, lokacin da rana ta ɗan ɗumama ruwan gefe, karfasa matsakaita suna biyo shi har a ga inuwarsu a bayansa, kuma sau da yawa ba sa kai masa cafka sai a daidai lokacin da aka tsaya da ja, ya fara nutsewa. Mai gaggawa ba zai ji daɗin wannan ƙwaro ba.

Akwai aibi ɗaya a tare da su wanda ya samo asali daga kifin da aka yi su dominsa. Tirawut kifin ruwan sanyi ne mai faɗin baki, yana haɗiye ƙwaro gaba ɗaya, karfasa kuwa bakinta ƙarami ne, tana tsinkar abu ne daga baya. Wutsiyar da ta zo a kan waɗannan ƙugiyoyi ta kusa kai tsawon jikin, sai karfasa ta kama gashin kawai, mutum ya ji an ja, ya ɗaga sanda, ya tarar babu komai. Maganin abin mai sauƙi ne: a tsinke kusan rabin wutsiyar da farce. Kada a sa almakashi, domin yankan almakashi yana barin bakin gashin a daidaice, motsin ya mutu. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya game da karfasa kanta, cewa manyanta sun fi dogara ga gansakuka da ƙananan tsirran da ke yawo cikin ruwa, ƙanana da matsakaita ne suka fi bin ƙwari. Babba ta kan kai hari ne idan namiji yana gadin ramin da ya share a ruwa marar zurfi, ya ga wani abu ya ratso masa. Wanda ya sayi akwatin da tunanin cika kwando da manyan karfasa zai dawo yana zargin ɗan kasuwa, alhali laifin ba nasa ba ne.

Shidan da ke kwaikwayon ɗan babban mazari sun fi ba ni aiki, kuma a kansu ne na fi yin tunani. Siffarsu daidai take: gajere, mai faɗin ciki, ruwan ƙasa, da manyan idanu, a kan ƙugiya lamba 6 da lamba 8, an kuma naɗa wayar darma a ƙarƙashin suturar domin su nutse. Na gaskiyar yana zama a ƙasa ne, cikin laka ko tsakanin saiwoyi, yana jiran abin da zai gitta ya harbo leɓensa na ƙasa mai naɗewa ya cafke. Idan ya tsorata yana zuƙar ruwa ta bayansa ya feso shi da ƙarfi, sai ya yi gaba a guje tazara kaɗan ya tsaya. Saboda haka ana barin ƙwaron ya kai ƙasa, a fizge shi gajeren fizga sau biyu ko uku, a dakata, a sake. Da wannan salon na sami tarwaɗa, musamman gab da magariba, lokacin da take hawowa gefe tana kiwo. Tarwaɗa idanunta ƙanana ne, da gashin bakinta guda takwas take laluben abinci, kuma tana jin motsin ruwa a jikinta, shi ya sa ƙwaro mai kauri da ke tayar da ƴar laka ya fi jan hankalinta bisa siririn.

Matsalar tana ga ƙarfen ƙugiyar. Siririyar waya ce, wadda wataƙila ta isa ga tirawut a ruwan da babu abin sarƙewa, amma tarwaɗa mai nauyin kilo guda idan ta ji ƙarfe ba ta gudu tsakiyar ruwa, cikin kacalla take nufa, kuma dole mai fatsa ya tare ta da ƙarfi tun kafin ta shige. A irin wannan ja-in-ja ƙugiyoyi biyu suka buɗe mini, suka miƙe, kifin ya tafi. Ana iya mayar da ƙugiya da filaya, sai dai ƙarfen da ya taɓa lanƙwasa ba ya sake riƙe amana. Abu na biyu shi ne tsinin ƙugiyar ƙasa yake kallo, ga shi kuma ƙwaro ne da aka yi domin ya ja ciki a ƙasa, sai ya zama kusan kowane jifa yana dawowa da ganyen bado ko zaren gansakuka. Masu ɗinka irin waɗannan ƙwari sun daɗe da sanin maganin wannan: idan aka ɗaura idanu masu nauyi na ƙarfe a bayan ƙugiyar, nauyin yana juyar da ita tsinin ya kalli sama. A nan an sa idanun roba marasa nauyi, an kuma zuba darmar a ciki ba tare da lura da yadda ƙwaron zai kwanta ba. Ƙaramin sakaci ne daga wurin mai ɗinki, amma ya rage amfanin shidan da kusan rabi.

Takwas masu fukafukai su ne suka fi kyau a ido, kuma ina zaton su ne ke sayar da akwatin. An yi jikinsu da soso mai iyo, shuɗi ko ja, fukafukan kuma da wata leda mai sheƙi da aka zana wa jijiyoyi. Duk wanda na buɗe wa akwatin su yake fara taɓawa. A wurin aiki kuwa ba su tsinana abin kirki ba. Fukafukan leda suna kama iska, ƙwaron ya riƙa juyawa a sama yayin jifa, har zaren nailan ya murɗe kamar igiyar guga da aka saki a rijiya, kuma idan iskar hunturu ta taso ba ma a iya kai shi inda ake so. Ko da ya sauka lafiya, kifin tabkunanmu ba su saba ɗaga kai su ɗauki babban ƙwaro a saman ruwa ba, in ban da tarwaɗa da ke hawowa shan iska, ita ma ba don shi ta hau ba. Lokaci guda da na ga sun yi wani tasiri shi ne da na cire wa shuɗi ɗaya fukafukan gaba ɗaya na bar jikin kawai, na ajiye shi kusa da ganyen bado inda sirirran mazari ke sauka su sa ƙwai, sai ƙananan kifi suka riƙa tsinkarsa, amma ƙugiyar ta fi ƙarfin bakinsu.

Abin da takardar akwatin ba za ta gaya wa mutumin Damagaram ba shi ne lokacin amfani da shi gajere ne a wurinmu. Wannan fatsa ta ido ce, sai kifi ya ga ƙwaron, ruwanmu kuma daga Yuli zuwa Satumba ja ne wur saboda laka da kwararo ke kawowa. A wannan lokaci koren ƙwaro ɓacewa yake yi, baƙi ne kaɗai ake iya hangowa, kuma babu baƙi ko ɗaya a cikin akwatin. Da za a tambaye ni, da na ce a cire masu fukafukai a sa irin baƙin ƙwaron nan da ake kira Woolly Bugger, wanda Russell Blessing ya ƙirƙiro a jihar Pensilbaniya ta Amurka a 1967, domin shi ma yana wucewa a matsayin ɗan babban mazari kuma ana ganinsa a gurɓataccen ruwa. Daga Oktoba, idan laka ta kwanta, har zuwa farkon Disamba, shi ne lokacin da akwatin ke aiki sosai. Idan ɗari ya kankama, dare ya riƙa sauka wajen digiri 15, karfasa tana rage cin abinci, sai an jira rana ta take. Da bazara kuma ƙananan tabkuna sun ƙafe, sai masu riƙe ruwa shekara kamar Gidimuni da Lasuri, wanda shi ma yana cikin jerin Ramsar tun 2005.

Akwai wani bambanci tsakanin mazarinmu da na ƙasashen da aka yi akwatin dominsu, wanda ya shafi zaɓen girman ƙugiya. A ƙasashen sanyi ɗan babban mazari ya kan yi shekara biyu ko uku a ruwa kafin ya fito, saboda haka kifi yana samun manya a kowane wata. A nan ruwan sama na shekara milimita 400 da ɗoriya ne, yawancin kududdufai ba sa wuce ƴan watanni, sai mazarin da ya iya sauri ke cin moriyarsu. Misalinsa shi ne wani mai ruwan ɗorawa da masana ke kira Pantala flavescens, wanda ke bin iskar damina daga ƙasa zuwa ƙasa, har an san yana ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka, kuma ɗansa yana gama girma cikin kusan sati shida. Abin da wannan ke nufi ga mai fatsa shi ne girman ƴaƴan mazari a tabki yana canzawa da sauri daga wata zuwa wata. Kafin a ɗaura komai, yana da kyau a duba karan kacalla a nemi saɓar da suka bari a manne, domin tsawonta da faɗinta za su nuna ƙugiyar da ta dace da ranar.

Game da ƙarko, ɗinkin zaren ya riƙe, ban ga wanda ya warware ba ko bayan haƙoran kifi sun sha taɓa shi. Gam ɗin da aka manna idanu da fukafukai da shi ne bai jure zafinmu ba: akwatin da ya wuni a cikin jaka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, an buɗe shi an tarar idanu sun zame. Ƙugiyoyin kuma suna tsatsa da wuri idan aka mayar da su a jiƙe aka rufe murfi, saboda haka sai an shanya su tukuna.

Wani dattijo masunci da na nuna wa akwatin a bakin tabki ya juya ɗan siririn mazarin a tafin hannunsa, ya ce da ni, Malam, wannan ai shi ne abin da muke tararwa a cikin koma tare da ciyawa. Na ce masa haka ne, Baba, sai ya ƙara da cewa aikin ya yi kyau amma shi da mamari da taru ya dogara, domin iyalinsa ba za su jira kifi ya yi sha'awa ba. Maganarsa ta nuna wanda akwatin ya dace da shi. Ba kayan neman abinci ba ne, na mai sha'awa ne da ke da lokacin tsayawa ya kalli ruwa. Shi ma mai sha'awar ya kamata ya fara gaida sarkin ruwa da masuntan wurin, ya kuma tambayi ma'aikatan gandun daji game da izinin kamun kifi kafin ya jefa igiya. Kuma kada ya yi koyi da hotunan Turawa da ke tsaye cikin ruwa har ƙugu, domin ruwan kwance mai ciyawa a ƙasarmu gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ne. Daga tudu ko daga kwalekwale ake wannan fatsa a nan, in kuwa dole ne a shiga, to da dogon takalmin roba.

Jika 12 kuɗi ne masu yawa a kan ƙugiyoyi goma masu aiki da shida masu bukatar gyara. Amfanin da ya fi girma da na samu daga akwatin shi ne ya zame mini abin koyi, domin da na warware ɗaya na ga yadda aka ɗinka shi, sai na gane babu abin da ke ciki da ya gagari garin da ya shahara da dukawa da maɗinka. Ƙugiya mai kauri irin ta mamari tana nan a kasuwa da arha, zaren ɗinki kore da baƙi yana wurin kowane tela, gashi mai taushi na ƙarƙashin fiffiken kaza yana yin wutsiya, gashin zabo mai ɗigo-ɗigo yana yin ƙafafu, ƴar sarƙar ƙarfe mai ƙwallaye kuma idan aka yanko biyu ta zama idanu masu nauyin da ke juyar da tsini sama. Waɗanda na ɗinka da waɗannan kaya ba su kai na akwatin tsari ba, kansu ya yi girma, jikinsu bai miƙe sosai ba, amma ƙugiyarsu ba ta buɗewa a bakin tarwaɗa, kuma su nake ɗaurawa yanzu duk inda kacalla ta yi kauri.